Unguwar Masu Gigin Tsufa A Garin Weesp Na Ƙasar Holan

Duk matafiyin da ya shiga jirgin ƙasa a babbar tashar birnin Amstadam ya nufi kudu maso gabas, kafin ya gama gyara zama, wato cikin kamar minti 15, zai ji an ambaci sunan wani ƙaramin gari wai shi Weesp. Yawancin fasinjoji ba su ko ɗaga kai, domin a wurinsu tasha ce ta canjin jirgi kawai. Amma tun daga shekarar 2009 sunan wannan gari ya zaga duniya, har likitoci da magina da jami'an gwamnatoci suna tasowa daga ƙasashe masu nisa don su ga wata unguwa guda ɗaya da ke cikinsa. Mazauna unguwar kuwa tsofaffi ne waɗanda akasarinsu ba za su iya faɗin ranar da ake ciki ba, waɗansunsu ma sunayen 'ya'yan da suka haifa sun ɓace musu.

Shi garin Weesp tsohon gari ne, gama tun a shekarar 1355 aka ba shi matsayin birni. Yana bakin wani kogi mai tafiya a hankali da ake kira Vecht, kuma an haƙa hanyoyin ruwa sun ratsa tsakiyarsa, da gadoji waɗanda akan ɗaga su sama idan jirgin ruwa zai wuce. A gefen kogin akwai tsofaffin injunan niƙa masu aiki da iska, irin waɗanda aka san ƙasar Holan da su, da wata tsohuwar ganuwa mai siffar da'ira da aka gina don tsaron Amstadam. A da can an fi sanin garin da koko, saboda a shekarar 1850 ne iyalin Van Houten suka dawo da masana'antarsu nan, ta yi fiye da shekara 100 tana ciyar da mutanen garin. Jama'arsa ba su wuce kamar 20,000 ba, kuma a shekarar 2022 aka haɗe mulkinsa da na birnin Amstadam.

Baƙon da ya sauka a tasha ya bar tsohon gari ya nufi sababbin unguwanni, zai bi ta tsakanin gidajen haya masu hawa-hawa, da yara a kan kekuna, har ya iske wani dogon gini na jan bulo mai hawa biyu. Ba wani abin a zo a gani a jikinsa daga waje. Ƙofar shiga ɗaya ce tak, da ma'aikaci a zaune a bakinta dare da rana. Wannan wuri shi ne Hogeweyk.

CIWON DA YA SA AKA GINA TA

Abin da Hausawa suke kira gigin tsufa, ko ruɗewar tsufa, wanda 'yan jarida a yanzu suke ce wa cutar mantuwa, likitoci sun tabbatar ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba dole ne kowane tsoho ya same shi ba. Yakan fara da ƙananan abubuwa: a ajiye makulli a manta, a yi tambaya ɗaya sau biyar. Daga nan sai mutum ya ɓata a hanyar da ya shekara 40 yana bi, ya kasa lissafin kuɗi, ya zargi na kusa da shi da sata, har a kai ga ya kasa cin abinci ko yin wanka da kansa. Irin wanda ya fi yawa shi ne mai ɗauke da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya yi bayaninsa a shekarar 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mace da ya yi jinya a birnin Frankfurt.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu kuma suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Kowace shekara ana samun ƙarin kusan mutum miliyan 10. Har ila yau hukumar ta ce mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na sa'o'in da ake ɓatarwa wajen jinyar waɗannan marasa lafiya. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon. Saboda haka babbar tambayar da ke gaban kowace al'umma ita ce, yaya za a zauna da wanda ya kamu, daga ranar da ya fara ruɗewa har ranar da zai bar duniya?

A filin da Hogeweyk take a yau, a da akwai wani gidan jinyar tsofaffi mai suna Hogewey, irin na sauran ƙasashen Turai: dogon bene, da dogayen baranda, da ƙofofi a kulle, da ma'aikata cikin fararen kaya, ana tashin kowa lokaci ɗaya, a ciyar da kowa lokaci ɗaya. A shekarar 1992 mahaifin ɗaya daga cikin shugabannin gidan, wata mace mai suna Yvonne van Amerongen, ya rasu farat ɗaya. Ta sha ba da labarin cewa cikin abubuwan da suka fara zo mata a rai har da godiya, don mahaifin nata bai kai ga zama a irin gidan da ita kanta take gudanarwa ba. Wannan tunani ya dame ta ƙwarai. Idan ba ta so wa mahaifinta wurin ba, don me take ajiye iyayen waɗansu a ciki? Sai ita da abokan aikinta suka zauna suka yi shawara, kuma daga shekarar 1993 suka fara sauya tsarin gidan, suna raba tsofaffi ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da ɗakin girkinta. Daga bisani aka rushe tsohon benen ɗungum aka gina unguwa a madadinsa, aka kammala a shekarar 2009. Aikin ya ci Yuro miliyan 19.3, kuma gwamnati ce ta ba da mafi yawan kuɗin.

ABIN DA KE BAYAN ƘOFA

Da zarar baƙo ya wuce ƙofar nan guda, sai ya ga kansa a wani fili mai bishiyoyi da kujeru da maɓuɓɓugar ruwa. Faɗin wurin duka kamar eka 4 ne, kuma kusan rabinsa sarari ne: tituna, da lambuna, da dandali. Gidajen ne da kansu suka kewaye filin suka zama katanga, don haka ba a ganin shinge ko waya. Akwai kanti, da gidan abinci, da wurin shan shayi, da shagon aski da gyaran gashi, da ɗakin wasan kwaikwayo. Titunan suna da sunaye, ƙofofin gidaje kuma suna da lamba. An fara da gidaje 23 da mazauna 152, daga baya aka ƙara suka zama gidaje 27 da mazauna 188.

Kowane gida yana ɗauke da tsofaffi 6 ko 7. Kowa da ɗakin kwanansa da kayansa da hotunan iyalinsa, sa'an nan a yi tarayya a falo da ɗakin girki. A nan ake dafa abinci kullum, ƙanshin albasa ya cika gida, wanda yake iya fere dankali ya fere, wadda take iya ninke tufafi ta ninke. Ma'aikata ba su sa fararen kaya. Nas da likita da mai shara duk cikin tufafin gida suke, kuma an koya wa kowannensu, har da mai karɓar kuɗi a kanti da mai kai abinci tebur, yadda ake magana da wanda ya ruɗe. Idan tsohuwa ta ɗauki kaya a kanti ta fita ba ta biya ba, ba mai yi mata tsawa ko ya bi ta da gudu. Daga baya ma'aikata za su daidaita lissafin a tsakaninsu, ko su mayar da kayan. Idan tsoho ya fita yawo ya manta hanyar gida, duk wanda ya gamu da shi zai taka masa har ƙofa, suna tafe suna hira.

Wani abin da ya fi jan hankalin masu ziyara shi ne yadda aka raba gidajen bisa ga irin rayuwar da mutum ya saba da ita. Da farko iri 7 aka yi. Akwai gidan mutanen birni, da na masu sana'ar hannu, da na masu hali waɗanda suka saba da cin abinci a kan tebur mai ado, da na masu riƙo da addinin Kirista, da na masu son littattafai da kaɗe-kaɗe, da na waɗanda rayuwarsu duka a hidimar gida ta ƙare. Na bakwai kuwa an yi shi ne don waɗanda suka tashi a Indunusiya a zamanin da take ƙarƙashin mulkin Holan, inda akan dafa shinkafa da kayan yaji, a kuma ɗumama ɗaki fiye da sauran. Da tsararrakin suka sauya sai aka rage yawan ire-iren. Hikimar ita ce, mai wannan ciwo yakan rasa abin da ya faru jiya, amma abin da ya saba da shi tun ƙuruciya yakan daɗe bai goge ba. In ya buɗe ido ya ga irin labule da irin kujerar da ya sani, ya ji irin waƙar da ya tashi da ita, sai hankalinsa ya kwanta.

Ba kowa ake ɗauka ba, sai wanda ciwonsa ya yi tsanani har yana bukatar a lura da shi dare da rana. Asusun inshorar jinya na ƙasa ne ke biyan kuɗin, daidai da yadda yake biya wa sauran gidajen jinya, iyali kuma su ba da nasu kason gwargwadon samunsu. Wanda ya shiga, a nan zai zauna har ƙarshen kwanansa, don haka gurbi ba ya samuwa sai an yi rasuwa.

MASU SUKA DA ABIN DA SUKE CEWA

Ba a rasa masu kushe wannan tsari ba. Waɗansu jaridun Ingila da Amurka sun kwatanta Hogeweyk da wani fim na shekarar 1998 mai suna The Truman Show, inda aka gina wa mutum guda gari na ƙarya, kowa a ciki ɗan wasa ne, shi kaɗai ne bai sani ba. Masu wannan ra'ayi suna tambaya, shin ya halatta a yaudari mutum don a kwantar masa da hankali? Tambayar tana da tushe, gama a birnin Dusseldorf na Jamus an taɓa kafa tashar bas ta ƙarya a ƙofar wani gidan tsofaffi, don wanda ya ce zai tafi gida ya zauna jiran motar da ba za ta zo ba, har ya manta abin da ya fito da shi.

Masu gudanar da Hogeweyk ba su yarda da wannan kwatanci ba. Sun ce kantinsu kanti ne na gaske, abincin da ake saye a ciki shi ake dafawa, gidan abincin kuma mutanen gari ma suna shigowa su ci su biya. Sun ce ba a umarci ma'aikaci ya yi wa kowa ƙarya ba. Amma duk da haka ƙofar fita ɗaya ce, kuma mazaunin unguwar ba ya wuce ta shi kaɗai. 'Yanci ne mai iyaka, sai dai iyakar ta fi ta ɗakin asibiti faɗi nesa ba kusa ba. Sun kuma ce tun da aka sauya tsarin, yawan magungunan kwantar da hankali da ake ba tsofaffin ya ragu ƙwarai. A shekarar 2019 wata hukumar ƙasar Kanada mai tantance hanyoyin jinya ta duba batun, ta ce binciken da aka yi bai kai yawan da za a yanke hukunci a kan fifikon irin waɗannan unguwanni ba. Wannan bai hana a kwaikwaya ba: an buɗe irinta a Langley ta Kanada a 2019, da kuma a Dax ta Faransa a 2020, mai ɗaukar mutum 120.

ƊAKIN DA AKE SHIGA A ƊANƊANA

Sai dai unguwa mai ɗaukar mutum 188 ba ta isa ta share hawayen ƙasa guda ba. A Holan ma, kamar ko'ina, yawancin masu gigin tsufa a gida suke, a hannun mata ko miji ko 'ya. Su waɗannan masu jinya su ne gajiya ke kayarwa, su ne kan yi fushi su yi tsawa, sa'an nan su koma su yi kuka. Saboda su ne waɗansu masana na jami'ar Tilburg da na Amstadam, tare da ma'aikatan jinya da masu ƙera wasannin kwamfuta, suka haɗa kai suka yi wani abu da suka sa wa suna Into D'mentia.

Kwantena ce irin ta dakon kaya, aka gyara cikinta ta zama ɗakin girki da wurin zama irin na gidan Holan, ana ɗora ta a mota a kai ta gari-gari. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda. Kafin ya shiga sai a sa masa wata falmaran mai ƙaramar lasifika, wadda daga cikinta wata murya za ta riƙa yi masa magana kamar zancen zuci. Daga wannan lokaci shi ne mara lafiyar. Ga shi ya dawo daga kasuwa da kaya a hannu, ana so ya ajiye kowane a mazauninsa, amma ɗakin da aka ce nasa ne ya zame masa baƙo. Na'urori masu lura da motsi suna bin sa, labarin yana tafiya daidai da abin da ya yi. Can sai hoton wata mace ya bayyana, wai 'yarsa ce, tana yi masa gyara, tana magana a kansa da waɗansu alhali yana tsaye yana ji. Daga baya baƙi su taru, hira ta kaure, shi kuwa ya kasa kama bakin zaren. Abin ba ya kai rabin sa'a. In ya fito sai wani malami ya zauna da shi su tattauna abin da ya ji a ransa, bayan 'yan kwanaki kuma a tara waɗanda suka shiga su yi musayar dabaru.

Ba da ka aka rubuta labarin ba. Sai da aka zauna da masu jinya, aka kuma tambayi su kansu masu ciwon waɗanda bai yi nisa ba, sa'an nan aka shigar da ma'aikata da 'yan uwan marasa lafiya don gwaji, aka ji ra'ayinsu. An buga sakamakon gwajin farko a shekarar 2015, inda waɗanda suka shiga suka ce abin ya yi kama da gaskiya, kuma yana da amfani. A 2018 aka buga wani bincike mafi girma, wanda ya kwatanta waɗanda suka shiga ɗakin da waɗanda ba su shiga ba. Mafi yawan waɗanda suka shiga sun ce sun amfana, har sun sauya yadda suke tafiyar da jinya. Amma da aka auna nauyin da suke ji a zuciya, da tausayi, da dangantakarsu da mara lafiya, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu ba. Daga baya an mayar da labarin cikin wani tabarau na musamman da ake ɗaurawa a fuska, wanda ya fi kwantena sauƙin ɗauka.

Darasin da ke cikin wannan sakamako a fili yake. Gani ya kori ji, kuma wanda aka yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, ko da na minti 20 ne, da wuya ya sāke yi wa mahaifiyarsa haka bai ji nauyi ba. Amma fahimta ba ta ɗauke wa mutum tashin tsakar dare, ba ta wanke masa zanen gado. Mai jinya yana bukatar wanda zai karɓe shi ya runtsa. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: lafiyayyen da ya shiga kwantena ya san akwai ƙofar fita, shi kuwa mai ciwon ba shi da ita.

TSOHUWAR DABARA A SABON WURI

Ɗan Nijeriya da ya zaga Hogeweyk zai iya tuna cewa ainihin tunanin ba baƙo ba ne a ƙasarsa. A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, su je asibiti da rana su dawo cikin jama'a da yamma. Ciwon daban ne, amma hujjar ɗaya ce, wato mutum ya fi samun natsuwa a cikin rayuwar da ya sani.

Kazalika daga shekarar 1992 likitocin jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Indiyana a Amurka sun yi shekaru suna kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis. Sakamakon da suka buga a 1995 ya nuna kamar mutum 2 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama ne ke da ciwon a Ibadan, a can kuwa kamar 8 cikin 100. Adadin ya fi ƙanƙanta, amma ya tabbatar da cewa ciwon yana nan, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yadda mutane ke ƙara tsawon rai. Abin takaici, a sassa da dama na Afirka, har da Nijeriya, tsohuwar da ta ɓata hanya tana sambatu takan gamu da zargin maita, wani lokaci ma da duka, alhali jinya take bukata.

Abin da Holan ta kashe miliyoyi ta gina, wato tsakar gida, da maƙwabcin da ya san sunan tsoho, da mai kantin da zai yi haƙuri da shi, yana nan kyauta a unguwanni da ƙauyuka masu yawa na ƙasar nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin ciwon. Ƙa'idojin da ake koya wa ma'aikata a irin waɗannan wurare ba su bukatar kuɗi: kada a yi gardama da wanda ya ruɗe, kada a yi masa jarrabawa da tambayar ko ya gane wane ne wannan, a tunkare shi ta gaba a kira sunansa, a faɗi magana ɗaya a jira amsa, a bar shi ya yi aikin da hannunsa bai manta ba, kuma a kai shi asibiti da wuri, domin akwai cututtukan da ke kama da wannan waɗanda suke jin magani.

Da la'asar, lokacin da baƙo zai kama hanyar komawa tasha, ƙanshin girki ya fara fitowa ta tagogin gidajen Hogeweyk. Ma'aikata da tsofaffi suna dawowa daga kanti suna tura keken kaya tare, waɗansu kuma suna zaune a bakin maɓuɓɓugar ruwa suna kallon masu wucewa. Mai tsaron ƙofa zai buɗe wa baƙo ya fita, ya mayar ya rufe. A ciki kuwa za a ci abincin dare gida-gida, mutum 6 ko 7 a tebur guda, kowa a kujerar da ya saba zama.